Tambayar da Ake Ɓoyewa a Majami'a

Ina gaishe ku duk inda wannan murya ta same ku: mutanen Funtuwa da Bakori, na Danja da Kafur, na Malumfashi da Ƙanƙara, har zuwa Faskari, Sabuwa da Dandume. Sannunku da aikin kaka. Masu karyar masara, masu yankan dawa, masu cirar auduga, iyayenmu mata masu sussuka da shiƙa, Allah ya sa albarka a guminku. Ina kuma gaishe da 'yan'uwanmu Musulmi da ke sauraro. Maganar yau ta majami'a ce, amma ciwon da ya haife ta namu ne baki ɗaya.

Sharhinmu na yau a kan shakka ne. Ina nufin irin shakkar da kan shiga zuciyar Kirista mai zuwa sujada, mai ba da baiko, wanda aka yi wa baftisma tun yana saurayi, amma idan dare ya yi, ya kwanta kunnensa na sauraron ƙarar babura, sai zuciyarsa ta ce masa: wai Allah yana ganinmu kuwa? Addu'ar nan da muke ta yi, akwai mai ji? Ana yin wannan tambaya a gona, ana yin ta a hanyar dawowa daga jana'iza, ana yin ta tsakanin miji da mata bayan yara sun yi barci. Wuri ɗaya ne da wuya ka ji an yi ta, wato cikin majami'a. Abin da nake so in faɗa yau shi ne, majami'a ce wurin da ya fi cancanta a kawo wannan tambaya, kuma ikilisiyar da ta toshe bakin mai yin ta, ta saɓa wa Littafin da take ɗauke da shi.

Bari mu fara da abin da ya haifi tambayar, domin ba haka kawai ta faɗo ba. Ƙasar nan tamu ita ce rumbun Jihar Katsina. Tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar auduga daga Funtuwa aka san mu da noma. A 1975 Funtuwa na cikin wurare uku na farko a Nijeriya da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya, tare da Gusau da Gombe. Har gobe manyan motoci na loda hatsi a kasuwar Dandume zuwa sassan ƙasar nan. Mutumin da ya tashi a irin wannan ƙasa ya saba da cewa in ya yi aiki, Allah ya ba da ruwa, iyalinsa za su ci, har ya kai damin godiya majami'a.

To, dubi abin da 'yan shekarun nan suka kawo. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka shiga cocin Katolika na St. Vincent Ferrer a Malumfashi da dare, suka tafi da dattijo Fada Joe Keke, aka wayi gari aka tsinci gawar Fada Alphonsus Bello, matashin limami, a wata gona bayan makarantar horar da katikis. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, mutum ya rasa yadda zai ji lafiyar ɗan'uwansa. A watan Mayu na 2022 aka shiga cocin St. Patrick a Gidan Mai Kambu ta ƙaramar hukumar Kafur, aka tafi da Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara da wasu mutum biyu, suka yi kimanin wata guda a daji. A watan Agusta na 2025 kuma aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, aka kashe gomman bayin Allah suna tsaka da ibada.

Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji. Ku da ke ƙauyuka kun san waɗanda ba su shiga labarai ba: manomin da ya sayar da shanun huɗarsa da gonar gado don ya biya kuɗin fansa, ƙauyen da aka sa wa haraji kafin a bar shi ya girbe abin da ya shuka, gwauruwar da ta dawo gari da 'ya'ya biyar tana raɓe a ɗakin ɗan'uwa. Ga tsadar taki a bazara, ga faɗuwar farashin hatsi a kaka. Wanda duk wannan ya bi ta kansa, in ya ce zuciyarsa ba ta taɓa yin tambaya ba, a sake tambayarsa a hankali.

Yanzu, idan irin wannan mutum ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, me yakan ji daga wurinmu? Wani ya ce masa, "Kul, kada ka yi saɓo." Wani ya ce, "Bangaskiyarka ce ta yi kaɗan." Wani ma ya ce, "Ka binciki gidanka, akwai zunubin da ba a tuba ba." Sai mutumin ya haɗiye maganarsa. Ranar Lahadi ya zo, ya tashi in an tashi, ya zauna in an zauna, bakinsa na bin waƙa, zuciyarsa kuwa ta daɗe da fita. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wasu daga nan sukan zame a hankali su daina zuwa. Wasu su koma wurin boka da dare neman layar bindiga. Wasu su bi duk wanda ya zo gari da lasifika yana alkawarin mu'ujiza in an ba da kuɗi. Matasa kuma su kai tambayarsu Facebook da TikTok, inda kowa malami ne, kuma babu wanda ya san su balle ya damu da su.

Masu sauraro, mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga ko haka ya yi da masu tambaya. Ku je Littafin Mahukunta, sura ta 6. Za ku tarar da labarin da kamar a ƙasar nan aka rubuta shi. Shekara bakwai Madayanawa suna barin Isra'ilawa su yi shuka, in amfani ya nuna sai su auko da raƙuma da garkuna su kwashe. Mutane suka bar gidajensu suka koma ɓuya a kogwanni. Ga wani manomi, Gidiyon, yana sussukar alkamarsa a ɓoye cikin wurin matse inabi, don kada maharan su hango. A nan mala'ikan Ubangiji ya same shi, ya gaishe shi da gaisuwar jarumai, ya shaida masa Ubangiji na tare da shi. Gidiyon bai ce amin ba. Ya mayar da tambaya: in haka ne, don me duk wannan masifa ta same su, ina kuma al'ajiban da kakanni suka ba da labari? Ku karanta surar har ƙarshe, ba za ku ga inda aka tsawata masa saboda wannan tambaya ba. Aiki aka ba shi. Ya nemi alama, aka ba shi. Ya sake nema har sau biyu da ulun tunkiya, aka yi haƙuri da shi. Wannan mutum ne kuma Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 11, ta lissafa cikin mutanen bangaskiya.

Na san wani mai karatu zai ce, ai wannan surar da kanta ta ce zunubin Isra'ila ne ya jawo Madayanawa, saboda haka mu ma zunubinmu ne. A nan ake bukatar hattara. Abin da Allah ya bayyana game da wata al'umma a wani zamani, ba ya ba ni ko kai izinin tsayawa a kan gawar wani mu yanke masa hukunci. Yesu da kansa ya rufe wannan ƙofa. A Luka sura ta 13 an kawo masa labarin wasu Galilawa da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, wato suna tsaka da ibada. Ya ƙara da labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya ce sam, waɗannan ba su fi sauran mutane zunubi ba, ya kuma juya maganar tuba kan masu sauraronsa da ke raye. A Yohanna sura ta 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka so su san ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Saboda haka duk wanda ya dubi jinin da aka zubar a gidan limamai a Malumfashi ko a masallacin Unguwar Mantau ya ce alhakinsu ne ya kama su, ya faɗi abin da Ubangijinsa ya ƙi faɗa.

Littafin Ayuba kuwa, sura 42 cur, a kan wannan batu yake. Mahara suka kwashe shanunsa da raƙumansa, suka kashe barorinsa, 'ya'yansa suka mutu rana ɗaya, jikinsa ya ɓarke da miyaku. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo ta'aziyya. Kwana bakwai suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka shiga kare Allah da hujjoji, suna matsa wa Ayuba ya amsa laifin da bai yi ba. Shi kuwa Ayuba ya yi kuka, ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi a ba shi dama ya kai ƙararsa gaban Allah. A ƙarshen littafin wa Allah ya yi fushi da shi? Abokan nan uku masu iya wa'azi. Ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Fastoci da dattawa, wannan sura ta 42 tamu ce, mu riƙa karanta ta kafin mu tafi gidan makoki.

Ba su kaɗai ba ne. Annabi Habakuk ya buɗe littafinsa da ƙorafin cewa yana ta kuka a kan kisa da zalunci amma ba a amsa ba, shari'a ta mutu, mugu ya kewaye adali. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya bisa uku kuka ne da kai ƙara, Zabura ta 88 ma ta ƙare ba tare da ko kalma ɗaya ta samun sauƙi ba, kuma aka bar ta a littafin waƙoƙin sujada. Akwai littafi guda mai sura biyar da sunansa ma Makoki. Yahaya Maibaftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun, da ya daɗe a kurkukun Hirudus sai ya aiki almajiransa su tambayo ko Yesun ne da gaske wanda ake jira. Yesu ya aika masa da amsa, sa'an nan ya juya ya yabe shi a gaban taro.

Sai Toma. An daɗe ana yi masa gori a wa'azin Ista, amma akwai abin da ba mu cika lura da shi ba. Ranar da Yesu ya fara bayyana ga almajirai Toma ba ya nan. Da suka ba shi labari, ya ce shi sai ya ga gurbin ƙusoshi ya taɓa. Mako guda ya wuce. Ina Toma? Yana nan tare da su a ɗaki ɗaya. Mutum goma sun gaskata, ɗaya bai gaskata ba, amma ba su kore shi ba, ba su sa shi ƙarƙashin horo ba, shi ma bai yi zuciya ya tafi ba. Saboda yana cikinsu ne ya kasance a wurin ranar da amsa ta zo. Kiristocin Kerala a ƙasar Indiya har yau suna danganta asalin ikilisiyarsu da wannan Toma. Tambayata ga kowace majami'a daga Funtuwa zuwa Malumfashi ita ce: da Toma ɗan ikilisiyarku ne, zai iya kai mako guda a cikinku?

Akwai magana mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan tsallake ta ba. Wasiƙar Yakubu, sura ta farko, ta yi gargaɗi mai zafi a kan mai shakka, ta ce mai zuciya biyu kada ya sa ran samun kome. Gaskiya ne, kuma nassi ba ya karo da nassi. Ku dubi inda kowannensu ya dosa. Gidiyon, Ayuba, Habakuk da Yahaya duk wurin Allah suka kai tambayarsu. Sun yi kuka, amma a ƙofarsa suka yi. Wanda Yakubu yake nufi shi ne mai raba ƙafa, da safe yana majami'a, da dare yana wurin boka, yana riƙe da biyun don in wannan ya kasa wancan ya yi. Na farko yana neman Allah da gaske har abin ya yi masa zafi. Na biyu ya riga ya nemi madogara a wani wuri. Abin baƙin ciki, idan muka hana na farko magana, mu da hannunmu muke tura shi ya zama na biyu. Shi ya sa Wasiƙar Yahuza ta umarce mu mu ji tausayin masu shakka.

Ku manoma kun fi kowa sanin wannan. In ruwan shuka ya sauka, kakan ɗauki irin da ka saya da bashi ka binne a ƙasa, alhali zuciyarka na ɗar-ɗar ko ruwa zai ɗauke, ko za a bar ka ka girbe. Fargabar tana nan, amma ka shuka. Haka bangaskiyar yawancinmu take, kuma Allah bai taɓa raina ta ba. Ko Mama Teresa ta Kalkata, wadda duniya ta sani da hidimar matalauta, da aka buga wasiƙunta a 2007 sai aka gane ta yi shekaru da yawa tana jin kamar Allah ya yi mata nisa, amma kowace safiya tana fita wurin marasa lafiya.

Akwai wata shakka kuma da ta keɓanta da mu Hausawa Kirista. Yaro yakan tashi yana jin ana ce masa, Bahaushe kuma Kirista, yaya aka yi haka? A gida a ɗauke shi kamar ya bar danginsa, in ya je kudu a yi masa kallon baƙo a cikin coci. A hankali sai ya fara tunanin ko addinin nan aro ne. Maganin wannan shi ne sanin tarihi. Tun a 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, aikin James Schön, wanda ya sami taimakon Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun farkon ƙarnin da ya wuce, shi da abokan aikinsa, har da Hausawa, suka yi ta fama da fassara har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Aka sake fassara shi a 1979. Cocin St. Bartholomew na Wusasa, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, yana tsaye tun 1929. Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin mishan na SIM a 1893, a Girku ta ƙasar Zazzau ya rasu, daga wannan aiki kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A watan Oktoba na 2023 Fafaroma Francis ya kafa Dayosis ɗin Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, ya zama bishop na farko Bahaushe a Ikilisiyar Katolika.

Mu kuma tuna yadda bishara ta shiga gidajen Maguzawa a karkarar nan. Kakanninmu mutane ne masu tambaya. Sun zauna a gindin bishiya da masu bishara da katikis, sun yi gardama, sun auna, wasu sun yi shekaru kafin su amince. Da yawansu a ajin karatu na majami'a suka fara haɗa baƙi, don su karanta da idonsu, kada su tsaya ga an ce. Ikilisiyar da aka gina da tambayoyin kakanni bai kamata ta ji tsoron tambayoyin jikoki ba. Matambayi ba ya ɓata.

To, mene ne abin yi? Zan fara da ku shugabanninmu, fastoci, fada-fada, masu bishara da katikis. Ba kowace tambaya ce take da amsa a wannan duniya ba, kuma girman mai wa'azi ba ya raguwa in ya ce wa mai makoki, "Wannan ya fi ƙarfin sanina, amma ga ni tare da kai." Ku yi wa'azi daga Makoki da Habakuk da Ayuba kamar yadda kuke yi daga ayoyin nasara. Ku bar 'yan kwaya da Zumuntar Mata su rera waƙoƙin kuka a ranar kuka, kada a tilasta wa matar da mijinta ke daji ta yi rawa don a ce tana da bangaskiya. Ku ware lokaci a nazarin Littafi na tsakiyar mako da kowa zai iya ɗaga hannu ya yi tambaya ba tare da an kai sunansa gaban dattawa ba. In matashi yana jin kunya, ya rubuta a takarda ba suna, a karanta a amsa.

Na biyu, karatu. Yau muna da yara da yawa da Turancinsu bai kai su fahimci wasiƙun Bulus ba, kuma ba a koya musu karatun Hausa sosai ba, sai suka tashi ba nan ba can. Wanda ba ya iya karanta nassi da kansa, duk abin da aka ce masa nassi ne zai karɓa. A dawo da ajin karatun Hausa a makarantar Lahadi, na yara da na manya. Littafi Mai Tsarki na Hausa yanzu yana cikin waya, akwai na karantawa, akwai na saurare. Matasa, ku sa wa iyayenku da kakanninku su ji. Marigayi Byang Kato, ɗan Kwoi, malamin tauhidi na ECWA da ya rasu a 1975, ya yi ta jan kunnen ikilisiyoyin Afirka cewa yawan jama'a ba tare da zurfin koyarwa ba hatsari ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na uku, aiki. Yawancin masu tambaya ko Allah yana ganinsu, abin da ya fara sa su tambayar shi ne sun ga 'yan'uwa ba sa ganinsu. Lokacin da annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, kafin a yi masa wata magana sai da aka ba shi abinci da ruwa, aka bar shi ya yi barci. Da aka yi annabcin yunwa a Antakiya, masu bi suka tara gudummawa kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Ga kaka ta zo, ga baikon godiya za a tara. Kafin a yi maganar sabon fenti ko sabuwar lasifika, a ware buhuna a ajiye a rumbun ikilisiya domin gwauraye, marayu da waɗanda suka baro ƙauyukansu, a riƙe har zuwa tsakiyar damina lokacin da rumbuna kan ƙare. Matasa su yi gayya a gonar wanda ke hannun 'yan bindiga. Iyalin da kuɗin fansa ya durƙusar, a tsaya musu da iri da taki. Waɗanda suka dawo daga daji, musamman mata da 'yan mata, kada a tsare su da tambayar abin da ya faru, kada a bi su da ido da raɗa. A karɓe su, a kai su asibiti, a haɗa su da masu ba da shawara. Zumunta a ƙafa take.

Na huɗu, gaskiya a kan kuɗi. Babu abin da ke kashe bangaskiyar talaka da sauri kamar ya ga an sayar masa da addu'a. Mai da aka ce yana hana harsashi, ruwan da aka ce yana kore mahara, baikon da aka ce in ka ba da shi ɗanka zai dawo, duk wannan cin amanar mai rauni ne. Ranar da abin bai yi ba, Allah zai zarga, alhali Allah bai taɓa yi masa wannan alkawari ba. A riƙa karanta lissafin baiko da zakka a gaban jama'a. A kuma tuna da mai bisharar ƙauye da ya ƙi guduwa ya bar garkensa, wanda sau da yawa albashinsa ba ya zuwa a kan kari. Shi ma mutum ne, shi ma yana da daren da tambaya ke hana shi barci, yana bukatar wanda zai saurare shi.

Na biyar, maƙwabci. Ɗan bindiga ba ya tambayar addinin mai gona kafin ya kore shi. In an yi rashi a gidan Musulmi, Kirista ya je gaisuwa, ya kai abin da ya samu. In an yi a gidan Kirista, Musulmi ya zo. Masu shekaru a cikinmu sun ga abin da ya faru a watan Maris na 1987, lokacin da rikicin Kafanchan ya bazu har Funtuwa, sun san abin da gaba ke haifarwa. Wahalar yau ta isa, kada mu ƙara mata ƙiyayya. Hukuma kuma, tsare rai da gona haƙƙi ne a wuyanta, kuma addu'armu ba ta sauke mata wannan nauyi ba. Faɗa mata gaskiya da ladabi shi ma aikin bangaskiya ne.

Daga ƙarshe, kai ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da kuka daɗe kuna ɗauke da tambaya a zuci kuna tsammani ku kaɗai ne. Ba ku kaɗai ba ne, kuma ba ku fita daga bangaskiya ba. Ku faɗa wa Allah abin da ke ranku yadda yake, ba sai kun yi masa ado ba. In bakinku ya kasa, ku buɗe Zabura ta 13 ko ta 42 ko ta 73 ku yi addu'a da su. Ku nemi dattijo ko dattijuwa mai riƙon amana ku yi magana. Kada ku kai damuwarku wurin wanda zai sa mata farashi. Ranar Lahadi ku zo sujada da tambayarku, kada ku jira sai ta warware. Ku kuma da Allah ya ba ƙarfin zuciya a wannan lokaci, ku matsa ku ba su wurin zama, ku saurara kafin ku yi magana.

Allah ya kuɓutar da waɗanda ke tsare a daji, ya ta'azantar da masu makoki, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya dawo da zaman lafiya a gonakinmu da garuruwanmu.